Omeprazole: ina dainawa ciwon ke dawowa, haka zan yi ta sha ke nan?

Direban_Dare:

Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu ilimin magani a taimaka min da bayani. Na dade ina fama da zafin kirji da kuma wani ciwo nan saman cibiya kasan kashin kirji, yafi matsa min cikin dare ko in cikina ba komai, wani lokacin kuma in na kwanta sai wani ruwa mai tsami ya taso min har makogwaro sai na tashi zaune, ga yawan gyatsa. Wani ne yace min ai olsa ce in nemi omeprazole, kuma gaskiya da na fara sha naji dadi sosai wlh har na manta da wani ciwo, toh amma matsalar itace duk sanda nace bari in huta da shan sa ba'a jimawa ciwon zai dawo, kai wani zubin ma sai inga kamar yafi na da zafi, sai in koma. Yanzu dai kullum sai nasha, in abin yayi tsanani kuma in kara da wannan farin na ruwa da ake girgizawa.

Abinda ya daga min hankali shine wani sako da naga yana yawo a WhatsApp wai omeprazole yana kashe koda yana kuma cinye kashi. Toh ni yanzu ina tsaka mai wuya, in sha ina tsoro in bari ba barci. Shin maganin nan yana warkar da olsa ne koko danne ta kawai yake? Kuma meye banbancin sa da na ruwan? Nagode.

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam. Yaro yunwa ce ke damunka ba komai ba, ka daina zama da yunwa, ka bar yaji da abu mai tsami, in ya taso ka sha madara mai sanyi zai kwanta. Ita olsa ai bata warkewa sai dai lallabawa, mu da muka dade da ita mun sani. Allah ya sawwake.

Mai_Haɗa_Magunguna:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Baba Tsohon Hannu ka yi min afuwa, amma maganar cewa olsa ba ta warkewa tsohon zance ne, a yau mafi yawanta warkewa take tas in an gano abin da ya kawo ta. Ita ma madarar sauƙin ɗan lokaci ce, tana shiga za ta ɗan kwantar da zafin, in an jima kuma furotin da kalsiyam ɗin da ke cikinta su sa ciki ya ƙara fito da wani asid ɗin.

Bari in fara da magungunan tunda su ka tambaya. Mutane na haɗa su gaba ɗaya su ce maganin olsa, alhali iri uku ne kuma kowanne da inda yake kamawa. Shi ciki dama aikinsa ne ya fitar da asid, kullum yana fitar da ruwa wajen lita ɗaya da rabi ko fiye, da shi ake narka abinci kuma shi ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa da suka biyo abin da muka ci. Abin da ya hana asid ɗin cin cikin kansa shi ne wani yauƙi da ya lulluɓe bangon ciki. In wannan kariyar ta samu rauni sai asid ya samu wurin ci, gyambo ke nan. In kuma ƙofar da ke tsakanin bututun abinci da ciki ce ta saki, sai asid ɗin ya riƙa tasowa sama inda babu wannan kariyar, shi ne ƙwannafi da ruwa mai tsamin da kake ji in ka kwanta. To ka ga tun a nan ma bayaninka ya nuna wataƙila abu biyu ne ke tare da kai, ba lallai olsa kaɗai ba.

Ka ɗauka famfo ne ke zuba a tsakar ɗaki. Farin na ruwan nan da kake girgizawa tsumma ne, goge wanda ya riga ya zuba kawai yake, famfon na nan yana zuba. Shi ya sa cikin 'yan mintuna za ka ji sauƙi amma da wuya ya kai ka awa biyu. Mafi yawansu haɗin maganiziyam ne da alminiyam, kuma da dalili aka haɗa su, maganiziyam shi kaɗai yana sa gudawa, alminiyam shi kaɗai yana sa bayan gida ya yi tauri. Akwai kuma masu alginate irin su Gaviscon, su wani kumfa suke yi ya yi iyo a saman abin da ke ciki ya tare asid kar ya taso, sun fi dacewa da mai ƙwannafi bayan cin abinci ko lokacin kwanciya. Abin lura da su duka, suna riƙe wasu magunguna su hana jiki ɗauka, irin su ciprofloxacin, tetracycline, maganin ƙarin jini mai ayon, da levothyroxine, don haka a bar tazarar aƙalla awa biyu, ga levothyroxine kuma awa huɗu.

Na biyu su ne irin su cimetidine da famotidine, waɗannan murɗa kan famfon suke ya rage zuba. Cimetidine ne ya fara fitowa a Ingila a 1976, kuma ba ƙaramin abu ba ne a lokacin don kafin nan mai olsa in ta ƙi ci ta ƙi cinyewa wuƙa ake sa masa, ko a yanke jijiyar da ke ba ciki umarnin yin asid ko a cire wani sashe na cikin. James Black da ya jagoranci aikin har kyautar Nobel ya samu a 1988. Suna fara aiki cikin kamar awa ɗaya kuma suna da kyau ga asid ɗin dare, illarsu dai jiki na saurin sabawa da su, in ana sha kullum cikin sati ɗaya zuwa biyu ƙarfinsu ya fara raguwa.

Na uku shi ne naka, omeprazole da 'yan uwansa, esomeprazole, pantoprazole, lansoprazole, rabeprazole. Kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ne ya fito da omeprazole a 1988. Waɗannan rufe famfon suke kusan gaba ɗaya, kuma a nan mutane da yawa ke tafka asara don ba sa shan sa yadda ya kamata. Ba a cikin ciki yake aiki kai tsaye ba, sai ya wuce hanji ya shiga jini sannan ya dawo ta jini ya samu ƙwayoyin halittar da ke yin asid, kuma waɗanda ya tarar suna kan aiki kawai yake iya kullewa. Ga shi ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa ɗaya rabinsa ya fita. Shi ya sa ake cewa a sha minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin safe, don lokacin da abinci zai tayar da su maganin na nan yana jira. Wanda ya sha bayan ya ƙoshi, ko ya sha da dare ya kwanta ciki ba komai, ya rage wa kansa amfanin maganin sosai. Kuma kar a tauna kar a daka, ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kafson an yi musu rufi ne don kar asid ya lalata su kafin su kai hanji. Sannan ba maganin gaggawa ba ne, sai an yi kwana 3 zuwa 5 ana sha kafin ya kai cikakken ƙarfinsa.

Yana warkarwa ko dannewa? Yana warkar da gyambon kam, don in aka ɗauke wa wurin asid naman na haɗewa da kansa, na farkon hanji yawanci sati 4, na cikin ciki sati 8. Abin da ba ya yi shi ne kawar da abin da ya haƙa gyambon tun farko. Manyan masu laifi biyu ne, ƙwayar cutar H. pylori da kuma magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen, piroxicam da aspirin. Yunwa da yaji suna tsokano zafin ga wanda yake da ciwon, wannan gaskiyar Baba ce, amma ba su ne tushen ba.

Game da dawowar ciwon in ka daina, akwai abin da ya kamata ka sani. In aka daɗe ana danne asid, jiki na ƙara fitar da wani sinadari mai suna gastrin wanda shi ke ce wa ciki yi asid, ranar da ka tsaya cak sai asid ya zo da yawa fiye da da. An gwada wannan a Denmark a 2009 a kan mutum 120 lafiyayyu da ba su da ciwon ciki ko kaɗan, rabi aka ba su esomeprazole na sati 8 aka tsayar, kashi 44 cikin ɗari nasu suka fara ƙorafin ƙwannafi ko ciwon ciki, a wajen waɗanda ba a ba ainihin maganin ba kuwa kashi 15 ne. To ka ga ba kowane dawowar zafi ne ke nufin olsa ta dawo ba.

Tambayata gare ka, an taɓa yi maka gwajin H. pylori? Kuma akwai wani magani da kake sha bayan waɗannan, ko da na ciwon baya ko ciwon kai ne?

Uwar_Biyu:

Malam Direba wallahi kamar labarina kake bayarwa. Ni ma haka na yi ta fama, in sha in ji daɗi in bari ya dawo, har na haƙura na ce ƙaddarata ce, sai da wata likita ta ce ita ba za ta ƙara rubuta min komai ba sai na kawo gwajin bahaya, aka yi aka ga H. pylori. Ta ɗora ni a kan magani uku a haɗe na kwana 14, omeprazole ɗin nan dai amma safe da yamma, da amoxicillin da clarithromycin. Na tambaye ta to tunda ƙwayar cuta ce me ya kawo omeprazole kuma, ta ce ai antibayotik ɗin ba sa aiki da kyau a cikin asid mai yawa, sai an rage shi sannan suke samun damar kashe ta, kuma shi ke sa gyambon ya haɗe a lokaci guda.

Zan faɗa maka gaskiya maganin ba daɗi. Clarithromycin ɗin nan wani ɗaci yake bari a baki, ka farka da asuba bakinka duk ɗanɗanon ƙarfe, ka kuskure ka goge ka sha ruwa yana nan, ruwan ma sai ka ji ya canja, ga ɗan sakin ciki. Kuma ana kwana kaɗan za ka ji ciwon ya tafi, a nan shaiɗan ke zuwa ya ce ai ka warke ajiye sauran. Kar ka kuskura. Likitar ta ja min kunne sosai a kan wannan, ta ce in aka yanke a tsakiya waɗanda suka rage su ne masu taurin kai, zagaye na biyu sai an canja haɗi an koma na magani huɗu mai bismuth da tetracycline da metronidazole, wanda ya fi wancan yawan ƙwayoyi da wahala. Ta ce ma a wurare da yawa yanzu da na huɗun ake farawa saboda ƙwayar ta fara ƙin jin clarithromycin.

Da na gama sai da aka bar wata guda ya wuce sannan aka sake gwajin bahayar aka tabbatar ta tafi. Tun daga nan ban ƙara neman omeprazole ba sai dai in ga ana sha.

Abin da ya ba ni mamaki da na je ina karantawa, wai su kansu likitocin duniya da farko ƙin yarda suka yi, suka ce ba wata ƙwayar cuta da za ta rayu cikin asid. Wasu likitoci biyu ne a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall suka nace, har shi Marshall ɗin a 1984 ya ɗauki ruwan da aka raini ƙwayar a ciki ya shanye don ya nuna musu, ya kuwa kamu da kumburin bangon ciki. A 2005 aka ba su Nobel. Don haka Baba ba laifinka ba ne, abin da aka sani ke nan a da.

Direban_Dare:

Kai nagode sosai Allah ya saka da alheri, wlh na karu. Ni dama bayan cin abincin dare nake shan nawa, ashe shiyasa. Maganar gwaji an taba dibar jinina akace akwai H. pylori din, aka bani wasu kwayoyi na sha, daga baya na sake gwajin jinin akace har yanzu tana nan sai kawai na share. Maganar wani magani kuma eh toh, saboda zaman mota ina fama da ciwon baya, diclofenac nake sha kusan kullum in zan fita aiki, wani lokacin in hada da ibuprofen in ya matsa, amma ai wannan na baya ne ba ruwan sa da ciki ko? Sannan malam baka ce komai ba akan maganar koda, itace ta hanani sukuni.

Mai_Haɗa_Magunguna:

Ɗan uwa ai ga ɓarawon nan ka kawo shi da hannunka. Diclofenac kullum, har da ƙarin ibuprofen? Da ruwansa da ciki mana, ruwa ma babba. Su waɗannan magungunan yadda suke kashe ciwo shi ne su hana jiki yin wani sinadari da ake kira prostaglandin, to shi wannan sinadarin dai shi ne ke sa ciki ya yi yauƙin da ke kare shi ya kuma kawo jini ga bangonsa. Kuma ta jini suke wannan aikin, don haka ko allura aka yi maka ko ka sha bayan ka ci ka ƙoshi ba ka tsira ba. Haɗa biyu a lokaci guda kuwa ba ya ƙara maka sauƙin kirki, haɗarin zubar jini kawai yake ƙarawa. Kuma tunda ƙoda kake tsoro, ka sani diclofenac da ibuprofen na kullum sun fi omeprazole barazana gare ta nesa ba kusa ba, balle ga mutumin da ke daɗewa a zaune bai shan ruwa sosai. Ka koma paracetamol tukunna, shi ba ya taɓa bangon ciki, kar dai ka wuce giram 4 a rana saboda hanta, shi kuma bayan a je a duba shi da kansa. Akwai mutanen da dole sai sun sha irin waɗannan magungunan, kamar mai amosanin gaɓɓai ko mai ciwon zuciya da aka ɗora a kan ƙaramin aspirin, su likita kan haɗa musu da omeprazole ko ɗan uwansa da gangan don kariya, amma wannan tsari ne da aka auna aka yi.

Gwajin jini kuma shi ya ruɗe ka. Abin da yake gani shi ne alamar da garkuwar jiki ta bari cewa ta taɓa haɗuwa da ƙwayar, kuma wannan alamar na iya zama a jini wata da watanni har shekaru bayan ƙwayar ta mutu. Ba a amfani da shi wajen tabbatar da warkewa. Na bahaya ko na numfashi ake yi. Sai dai fa akwai sharaɗi, omeprazole na danne ƙwayar har ta ɓuya gwaji ya nuna babu alhali tana nan, don haka sai ka yi sati 2 ba ka sha shi ba, antibayotik da bismuth kuma sati 4, sannan a yi. A cikin sati biyun nan ka riƙe kanka da na ruwan. Kuma kar a yi wasa da ita, tun 1994 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa H. pylori cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansar ciki, duk da mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa kaiwa can.

Yanzu saƙon WhatsApp. Akwai ƙamshin gaskiya amma an zuba gishiri. Eh, wasu mutane ƙalilan omeprazole na sa musu kumburi a ƙoda, kuma an ga alaƙa tsakanin shan sa shekara da shekaru da raunin ƙoda, sai dai irin waɗannan binciken ba su iya tantance ko maganin ne ko kuwa masu shan sa dama tsofaffi ne masu wasu cututtukan. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010 kan karayar ƙashi ga masu shan mai yawa na dogon lokaci, a 2011 kan raguwar maganiziyam a jini, a 2012 kuma kan wata gudawa mai tsanani da ƙwayar C. difficile ke kawowa. Ana kuma samun ƙarancin bitamin B12 bayan shekaru don sai da asid ake ciro shi daga abinci. Duk wannan ga wanda ya sha na sati 4 ko 8 ba abin tayar da hankali ba ne. Kuma akwai waɗanda a wajensu ci gaba da sha har tsawon rai ya fi bari alheri, irin wanda asid ya ƙona wa bututun abinci sosai, ko mai Barrett, wato wanda asid ya sauya wa fatar ƙasan bututun abinci, ko wanda olsa ta taɓa yi wa zubar jini kuma ba zai iya barin aspirin ba. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya shekara yana sha ba wanda ya taɓa tambayar don me. Ko a Amurka inda ake sayen sa ba takardar likita, abin da ke rubuce a kwalin shi ne kwana 14, kuma kar a maimaita sai bayan wata huɗu sai da izinin likita.

In lokacin dainawa ya zo, ba tsayawa cak ake ba ga wanda ya daɗe. A rage, ko a koma kwana ɗaya a sha kwana ɗaya a tsallake, a riƙa cike gurbi da na ruwa ko famotidine, a kuma sa rai da ɗan zafi na sati biyu ko fiye kafin ciki ya daidaita. Na ruwa mai tsamin dare kuma, ka bar tazarar awa 3 tsakanin abinci da kwanciya, ka ɗaga kan gadon da kamar santimita 15 zuwa 20, ƙafafun gadon nake nufi ba tara matashi ba, ka kwanta ta gefen hagu, in kana shan sigari ka bari, in akwai tumbi a rage.

Nas_Mai_Dare:

Malam ya gama magana, ni ɗan ƙari zan yi ta ɓangarenmu na masu karɓar marasa lafiya cikin dare, don mu muke ganin ƙarshen abin. Matsalar maganin nan yana da kyau har ya yi yawa, yana iya kwantar da zafin ciwon da ba nasa ba mutum ya yi ta zama a gida. Yayana Direba da duk mai karantawa, in ka ga bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin mai danƙo mai wani irin wari, ko ka yi amai da jini ko amai mai duhu da ɗigo-ɗigon baƙi a ciki, wannan jini ne ke zuba a ciki, ba batun ƙara kafso ba ne, asibiti ne a daren. Bismuth da maganin ƙarin jini su ma suna baƙanta bahaya amma nasu ba ya danƙo haka kuma ba ya zuwa da jiri da bugun zuciya. Haka in ciwo ya soke ka farat ɗaya cikin ya yi tauri ko taɓawa ba ka so, yana iya zama gyambon ne ya huda. Sau da yawa in muka tambayi irin waɗannan sai ka ji maganin ciwon jiki suke sha, wasu ma ba su taɓa jin ciwon ciki ba kafin ranar don maganin ya rufe.

Waɗanda kuma ba na gaggawa ba amma ba a zama da su: abinci ya riƙa tsaya maka a ƙirji in ka haɗiya, rama ba dalili, amai da ya ƙi tsayawa, ƙarancin jini, saurin ƙoshi, ko ciwon ya fara maka sabo bayan ka haura shekara 55. Waɗannan sai an zura kyamara ta baki an gani da ido. Mutane na tsoronta amma 'yan mintuna ne, ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro ko a ba ka na barci kaɗan. In gyambon a cikin ciki yake ma akan sake dubawa bayan sati 6 zuwa 8 a tabbatar ya haɗe, don wani lokacin cutar kansa na fakewa da kamannin olsa.

Sai na ƙarshe wanda ya fi ci min rai, ba kowane zafin ƙirji ne asid ba. In ya zo da gumi, ko nauyi a ƙirji, ko yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, ko yana zuwa in ka yi tafiya ko ka hau bene, musamman mai ciwon suga ko hawan jini, zuciya ake fara dubawa. Kuma masu ciwon zuciyar da ke shan clopidogrel, maganin hana jini daskarewa, su gaya wa likita kafin su taɓa omeprazole ko esomeprazole don suna rage masa ƙarfi, akan canja musu zuwa pantoprazole.

Tsohon_Hannu:

Toh naji, yaran zamani kun fini boko. Amma ni a da ranitidine nake sha kuma yana min aiki fiye da duk wadannan, yanzu na neme shi sama da kasa babu, ina da sauran wani tsohon kwali ma a ajiye. Shi kuma me ya same shi? Sannan diyata nada juna biyu kwannafi ya hanata sakat, zata iya shan na ruwan?

Mai_Haɗa_Magunguna:

Baba ranka ya daɗe, wannan kwalin kar ka sha, ka rabu da shi. An janye ranitidine a 2020, Amurka da Tarayyar Turai da ƙasashe da dama, saboda an gano wani gurɓataccen sinadari mai suna NDMA a cikinsa wanda ake zargin yana kawo kansa, kuma yawansa ƙaruwa yake in maganin ya daɗe a ajiye ko ya sha zafi, ka ga naka tsohon kwalin shi ne ma abin gudu. Famotidine ne ya maye gurbinsa, aikinsu iri ɗaya kuma ba a samu wannan matsalar a tare da shi ba, sai dai in ƙoda ta yi rauni akan rage yawan da ake sha, don haka a shekarunka gara a duba ƙodar kafin a ɗora ka. Kuma kai ma da ka ce ka daɗe da ita, gwajin bahayar nan ya kamace ka.

Ita ɗiyarka ƙwannafi ga mai juna biyu abu ne da aka saba, sinadaran juna biyu na sassauta ƙofar nan ta tsakanin bututun abinci da ciki ga kuma jariri na turo ciki sama. Da na ruwan ake farawa, musamman mai alginate, da cin abinci kaɗan-kaɗan, in bai yi ba likita na iya ba ta omeprazole. Ta guji shan hodar baking soda, gishirin da ke cikinsa ya yi yawa, ta kuma raba lokacin na ruwan da na ƙwayar ƙarin jininta da awa biyu. Misoprostol kuwa, duk da shi ma ana ba da shi don kare ciki, ko kusa kar ya je inda take don yana zubar da ciki. In kuma ciwon saman cikin ya zo mata da ciwon kai, ko kumburin fuska da hannu, ko gani dishi-dishi, a auna hawan jininta a ranar.